Babi na Bakwai: Salshiyas, Faranhait da Kelbin a Kan Iyakar Jibiya

Ma'auni uku ake amfani da su a yau wajen faɗin zafi da sanyi: Salshiyas (°C), Faranhait (°F) da Kelbin (K). Na farkon shi ne na hukuma a Najeriya da Nijar. Da shi hukumar NiMet ke sanar da hasashen yanayi, da shi kuma malamin asibiti ke rubuta zafin jikin majinyaci, a Katsina ne ko a Maraɗi. Na biyun na Amurka ne da wasu 'yan ƙananan ƙasashe, na ukun kuwa na masu ilimin kimiyya ne. Tunda ƙasashen biyu ma'auni ɗaya suke bi, sai a zaci mutumin Jibiya ba ruwansa da sauran biyun. Kaya ne ke kawo masa su har gida.

Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Magamar Jibiya, ta ƙetare zuwa Ɗan Isa, ta zarce Maraɗi, tsohuwar hanyar fatauci ce, kuma abin da ke bi ta kanta daga ko'ina yake fitowa. Motar Kwatano da aka fara hawa a Amurka takan iso allonta na nuna zafin waje 108, alhali wayar direba na cewa 42. Kwalin magani na ɗauke da lambobi biyu a jere. Firjin allurar rigakafi, na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, tirelar da ke ɗauko kifin ƙanƙara, da yawa daga cikinsu na da maɓallin da in an taɓa shi bisa kuskure zai sauya ma'auni ba tare da kowa ya lura ba. A jikin kwalin ƙwan lantarki kuwa an rubuta 6500K. Wanda bai san yadda ake juya waɗannan lambobi ba, ko dai ya firgita a inda babu abin firgita, ko kuma ya saki jiki alhali ana cikin haɗari, kuma na biyun nan ya fi muni.

Asalin lambobin

Abu biyu ne ke kafa kowane ma'aunin zafi: wurin da aka ajiye sifili, da girman takun da ake kira digiri ɗaya. Duk lissafin da ke cikin wannan babi daga waɗannan biyun ya fito.

Daniel Gabriel Fahrenheit haifaffen birnin Danzig ne, wato Gdansk ta ƙasar Foland a yau. An haife shi a 1686, ya yi yawancin rayuwarsa a Holan yana sana'ar ƙera kayan awo na gilashi. Wajen 1714 ya fara yin ma'aunin zafi mai inganci da zaiba a ciki, a 1724 kuma ya bayyana tsarin lambobinsa. Sifilinsa shi ne sanyin da ake samu idan an cakuɗa ƙanƙara da ruwa da gishirin amoniya. Sanyin ƙanƙara cikin ruwa zalla ya ba shi lamba 32, zafin jikin mutum mai lafiya kuma 96. Tsakanin 32 da 96 akwai 64, lambar da ake iya rabawa biyu-biyu har sau shida, abin da ke sauƙaƙa wa mai zana layuka a jikin gilashi da hannu. Bayan rasuwarsa a 1736 aka ɗan gyara tsarin, aka tsayar da tafasar ruwa a 212 daidai, sai zafin jiki ya matsa zuwa 98 da 'yan kai.

Anders Celsius masanin taurari ne a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin. A 1742 ya raba tsakanin daskarewar ruwa da tafasarsa gida ɗari, sai dai a juye ya tsara shi: tafasa ce sifili, daskarewa ce 100. A 1743 wani Bafaranshe a birnin Lyon, Jean-Pierre Christin, ya yi nasa mai sifili a daskarewa da 100 a tafasa, bayan rasuwar Celsius a 1744 kuma aka juya na Suwidin ɗin ma ya koma haka. An daɗe ana kiran wannan ma'auni santigired, sai a 1948 babban taron duniya kan awo ya sa masa sunan Celsius.

Akwai zamanin da iyakar Jibiya da kanta ta raba ma'aunan biyu. Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, Faransawa suka riƙe Maraɗi, aka shata iyakar a ƙasa tsakanin 1906 da 1908, Katsinawa suka rabu gida biyu. A ɓangaren Ingila da Faranhait ake rubuta bayanan yanayi da na asibiti, a ɓangaren Faransa kuwa da santigired. Najeriya ta koma tsarin mita ne a shekarun 1970, zamanin da ta bar fam da sule ta kama naira a 1973. Saboda haka duk mai son kwatanta zafin Katsina na shekarun 1940 da na yau daga tsofaffin rahotannin mulkin mallaka, dole ya juya lambobin kafin ya ce uffan.

Wani abin lura shi ne, tafasar ruwa a 100°C a gaɓar teku take tabbata. Idan aka hau tudu nauyin iska yana raguwa, ruwa ya tafasa da wuri, kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. A Katsina, wadda ke kimanin mita 500 bisa teku, tukunya na tafasa wajen 98°C, a Jos kuma wajen 96°C. Wanda ya tsoma ma'auninsa cikin tafasasshen ruwa a Jibiya bai ga 100 cif ba, kada ya yi gaggawar cewa ya lalace.

Ƙa'idar juyawa

Ruwa na daskarewa a 0°C, wato 32°F. Yana tafasa a 100°C, wato 212°F. Tazarar da Salshiyas ya raba taku 100, Faranhait ya raba ta taku 180, domin 212 a cire 32 saura 180. Kenan kowane digiri ɗaya na Salshiyas daidai yake da digiri 1.8 na Faranhait. Ana iya cewa kowane taku 5 na Salshiyas taku 9 ne na Faranhait. Takun Faranhait ƙarami ne, ya ɗan ɗara rabin na Salshiyas.

Ɗan canjin da ke zaune a Magama, in aka kawo masa sefa, ninkawa kawai yake yi da farashin ranar, domin wanda ba shi da ko dala a sefa ba shi da ko kwabo a naira. Sifilin kuɗin biyu ɗaya ne. Zafi ba haka yake ba, sifilin Salshiyas 32 ne a Faranhait. Don haka aiki biyu ke gaban mai juyawa: ya daidaita girman taku, ya kuma daidaita mafari.

Daga Salshiyas zuwa Faranhait, a fara ninkawa da 1.8, sannan a ƙara 32:

°F = (°C × 1.8) + 32

Ranar bazara ta watan Afrilu da zafi ya kai 42°C, 42 sau 1.8 ya ba da 75.6, a ƙara 32 ya zama 107.6°F. Shi ne 108 da allon motar Kwatano ke nunawa. Asubahin hunturu da sanyi ya sauko 13°C kuwa, 13 sau 1.8 ya ba da 23.4, a ƙara 32 ya zama 55.4°F.

Daga Faranhait zuwa Salshiyas sai a bi sawun da baya. A fara cire 32, sannan a raba da 1.8, ko kuma a ninka da 5 a raba da 9, duk ɗaya ne:

°C = (°F − 32) ÷ 1.8

Direban da ya ga gejin zafin injinsa na nuna 200 ba sai ya tsaya gefen hanya yana neman ruwan lagireto ba. A cire 32 saura 168, a raba da 1.8 ya zama 93.3°C, kuma a wannan zafin aka ƙera yawancin injuna su yi aiki. Idan allurar ta haura 230°F, wato 110°C, a nan ne ya kamata ya kula. Esin motar da ke kan 72 kuwa, 22°C ke nan da ɗan kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauya jerin matakan. Wanda ya ɗauki 104°F ya fara rabawa da 1.8 kafin ya cire 32 zai samu 25.8, alhali amsar gaskiya 40°C ce. Wanda ya ɗauki 40°C ya fara ƙara 32 kafin ya ninka zai samu 129.6, alhali amsar 104°F ce. Dalilin jerin a fili yake: lambar 32 takun Faranhait ce, don haka da lambar Faranhait kaɗai ake haɗa ta ko a cire ta. In za a tafi Faranhait, sai an isa can sannan a ƙara ta. In daga can za a taso, sai an sauke ta kafin a tashi.

Akwai wata hanya ga mai yawan ruɗewa da wannan jeri. Ma'aunan biyu suna haɗuwa a wuri ɗaya tak, digiri 40 ƙasa da sifili: −40°C daidai yake da −40°F. Saboda haka ko ta wane ɓangare aka taso, ana iya ƙara 40, a ninka ko a raba da 1.8, sannan a cire 40. Misali 104 da 40 sun zama 144, a raba da 1.8 ya ba da 80, a cire 40 saura 40°C. Abin da ya rage a riƙe shi ne ana ninkawa in za a je Faranhait, ana rabawa in za a koma Salshiyas.

Lissafin ka da inda yake yaudara

Akwai dabarar da ta yaɗu a littattafan matafiya da intanet: a ninka Salshiyas biyu a ƙara 30, ko a cire 30 daga Faranhait a raba biyu. Tana da sauƙi, kuma a 10°C daidai take cif, ta ba da 50°F. Daga 0°C zuwa 20°C kuskurenta bai wuce digiri 2 na Faranhait ba. Mutanen ƙasashen sanyi ne suka ƙirƙire ta, kuma a yanayinsu ta wadatar. Amma duk digiri 5 da aka yi sama da 10°C, kuskuren na ƙaruwa da digiri ɗaya. A 42°C tana ba da 114°F maimakon 107.6°F.

A maganar yanayi wannan ba wata asara ba ce. A maganar zazzaɓi kuwa rai ne a ciki. A ce uwa ta sayi ma'aunin zafi mai batir a kemis, ta sa wa yaronta a hammata, ya nuna 103°F. Idan aka bi waccan dabara, 103 a cire 30 saura 73, a raba biyu ya zama 36.5, wato lafiya lau. Lissafin gaskiya kuwa, 103 a cire 32 saura 71, a raba da 1.8 ya ba da 39.4°C, zazzaɓi mai zafi da ke bukatar a kai yaron asibiti a gwada jininsa. Haka 104°F dabarar ke mayar da shi 37, alhali 40°C ne. Kullum kuskuren ta gefe guda yake faɗawa: yana rage zazzaɓin, yana kwantar da hankalin da bai kamata ya kwanta ba. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina, sanƙarau kuma ke zuwa da rani, wannan dabara ba ta dace a koyar da ita ga kowa ba.

Akwai wadda ta fi ta, kuma ba ta fi ta wahala sosai ba. A ninka Salshiyas biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu, sannan a ƙara 32. Ga 42°C: ninki biyu 84, kashi ɗaya cikin goma 8.4, saura 75.6, a ƙara 32 ya zama 107.6. Wannan ba kintace ba ne, ainihin ƙa'idar ce aka sassauta ta yadda za a iya yin ta da ka. In za a dawo, a cire 32, a raba biyu, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu. Ga 103°F: saura 71, rabinsa 35.5, a ƙara 3.55 ya zama 39.05. Ya ɗan gaza 39.4, amma ya nuna zazzaɓin, bai ɓoye shi ba.

Ma'aikacin lafiya ko mai kemis ya fi kyau ya haddace 'yan lambobi kamar yadda ya haddace farashin maganinsa. 37°C shi ne 98.6°F, 38°C shi ne 100.4°F, 39°C shi ne 102.2°F, 40°C shi ne 104°F. Lambar 38 ita ce iyakar da hukumomin lafiya suka fi amfani da ita wajen tantance matafiya, kamar yadda aka gani a filayen jiragen sama da mashigan ƙasa lokacin da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, da kuma lokacin korona a 2020. A awon hammata na yara kuwa, daga 37.5°C, wato 99.5°F, ake fara ɗaukar cewa akwai zazzaɓi. Ma'aunin zafin jikin mutum mai rai yana da sauƙin ganewa ko da harafin bai fito a allo ba: lambar da ke tsakanin 35 da 42 Salshiyas ce, wadda ke tsakanin 95 da 107 Faranhait ce.

Dabbobin da ake ƙetarowa da su daga Nijar zuwa kasuwannin Katsina suna da nasu ma'auni. Saniya mai lafiya zafinta na wajen 38.5°C, wanda littattafan likitan dabbobi na Amurka ke rubutawa 101.5°F. Tunkiya da akuya wajen 39°C suke, kaza kuma wajen 41°C. Raƙumi ya bambanta da su duka, domin in yana fama da ƙishirwa zafin jikinsa na iya sauka wajen 34°C da asuba ya haura 40°C da rana, ba tare da wata cuta ba.

Tazara daban, matsayi daban

Lambar zafi iri biyu ce, kuma ƙa'idar da ta gabata ta ɗaya ce kawai. Idan aka ce zafin ɗaki 30°C ne, an faɗi matsayi. Idan aka ce zafin ya ƙaru da digiri 5, an faɗi tazara. Tazara ba ruwanta da 32, domin ba a tambayi daga ina aka fara ƙirga ba, yawan takun da aka yi kawai ake nema. Ninkawa ko rabawa da 1.8 ta wadatar.

Masu kiwon kaji sun fi kowa cin karo da wannan. Jagororin kiwo na Amurka na cewa a ajiye 'yan tsaki a 95°F a makon farko, sannan a riƙa rage digiri 5 kowane mako. Lambar farko matsayi ce, tana komawa 35°C. Ta biyu tazara ce, 5 a raba da 1.8, wato digiri 2.8 na Salshiyas. Don haka mako na biyu 32°C, na uku 29°C da ɗan kai, na huɗu wajen 27°C. Wanda ya saka 5 ɗin cikin cikakkiyar ƙa'ida zai samu −15, lambar da ba ta da ma'ana a nan. Wanda kuma ya riƙa rage digiri 5 na Salshiyas kowane mako zai kai 20°C a mako na huɗu, kuma in hunturu ne tsakin za su taru a lungu guda suna danne juna. Na'urar ƙyanƙyasa ita ma a 37.5°C ake ajiye ta, wanda shi ne 99.5°F.

Masu dakon mai ma haka. Fetur na kumbura da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri na Salshiyas, don haka tankar lita 33,000 da zafinta ya ƙaru da digiri 10 za ta nuna ƙarin lita 300 da wani abu ba tare da an zuba ko ɗigo ba, in ta huce kuma su ɓace. Shi ya sa a cinikin mai na duniya ake mayar da kowane awo zuwa zafi guda, 15°C a tsarin mita, 60°F a tsarin Amurka. Waɗannan biyun ma ba ɗaya ba ne, 60°F na daidai da 15.6°C. Haka nan digiri 1.5 da yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ambata game da ɗumamar duniya tazara ce, kuma a Faranhait 2.7 ce, ba 34.7 ba.

Ƙasa da sifili

Ƙa'idar ba ta canzawa idan an sauka ƙasa da sifili, alamar ragi kawai ake kiyayewa. Kifin ƙanƙara a −18°C ake adana shi. A ninka da 1.8 ya ba da −32.4, a ƙara 32 ya zama −0.4°F, kusan sifilin Faranhait ke nan. Saboda haka tirela mai firji da allonta ke nuna 0 tana iya kasancewa a ɗayan hali biyu masu nisa da juna. In 0°F ne, kifin na daskare kamar yadda ake so. In 0°C ne, yana bakin narkewa, kuma tsayuwar kwana biyu a layin kwastam ta isa ta jawo asara.

A firjin rigakafi abin ya fi tsanani. Yawancin allurai tsakanin 2°C da 8°C ake ajiye su, wato 35.6°F zuwa 46.4°F, abin da kwalayen Amurka ke taƙaitawa 36 zuwa 46. Insulin na masu ciwon sukari ma a wannan sanyin ake adana shi. Idan allon firji ya nuna 5, ma'aikaci zai ji daɗi, kuma in Salshiyas ne ya yi daidai. In kuwa allon ya koma Faranhait, 5°F na nufin −15°C. Allurar penta da ta ciwon hanta nau'in B da ta sandarewar jiki duk suna lalacewa idan suka daskare, kuma bayan sun narke ba lallai ido ya gane ba, sai a yi wa yaro allurar da ƙarfinta ya riga ya tafi. A ɗaya ɓangaren, allon da ya nuna 40 na iya sa a zubar da allurai masu kyau, alhali 40°F ne, wato 4.4°C, tsakiyar abin da ake nema. A jikin mutum lamba kaɗai na iya nuna ma'auninta, amma a firji ba ta iyawa, sai an duba harafin da ke gefenta.

Magungunan da ba na firji ba galibi an rubuta a ajiye su ƙasa da 25°C ko 30°C, wato 77°F ko 86°F. Shagon kwano a Jibiya da tsakar ranar bazara ya wuce duka biyun nesa ba kusa ba. Saboda irin wannan yanayi ne aka ɗauki abin a matsayin babban ci gaba lokacin da a 2012 aka amince cewa allurar sanƙarau ta MenAfriVac na iya jure zafi har 40°C na tsawon kwana huɗu a wajen firji.

Kelbin

William Thomson, malamin jami'ar Glasgow wanda daga baya aka yi wa sarautar Lord Kelvin, ya kawo shawara a 1848 cewa a kafa ma'aunin da sifilinsa bai dogara da ruwa ko gishiri ba. Zafi motsin ƙananan ƙwayoyin abu ne, kuma akwai matakin da motsin ke kaiwa ƙarshen raguwarsa, babu sanyin da ya wuce shi. Wannan mataki shi ne −273.15°C, ko −459.67°F, kuma shi ne sifilin Kelbin. Girman takun Kelbin daidai yake da na Salshiyas, don haka babu ninkawa, tarawa ce kawai:

K = °C + 273.15

Zafin jiki na 37°C ya zama 310.15 K, ranar bazara ta 42°C ta zama 315.15 K. Tun 1967 ba a sa alamar digiri a gaban K. Wanda ke da Faranhait yana son Kelbin sai ya ya da zango a Salshiyas: 104°F ya koma 40°C, sannan 313.15 K.

Amfanin Kelbin na fitowa ne a duk inda ake maganar ninki. Ba daidai ba ne a ce 40°C ya ninka 20°C biyu. A Faranhait lambobin 104 da 68 ne, ba ninki biyu ba, a Kelbin kuma 313 da 293, ƙarin kashi 7 cikin ɗari kawai, kuma wannan shi ne gaskiyar lamarin. Tayar mota na nuna haka a aikace. Ƙarfin iskar da ke cikin taya yana tafiya ne da zafinta a Kelbin. A ce mai faci ya sa iska 32 a gejinsa da sanyin safiya, zafin tayar 20°C, wato 293 K, sannan gudu a kan kwalta mai zafi ya kai ta 60°C, wato 333 K. Ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari ne. Geji ba ya ƙirga nauyin iskar waje, wanda yake kimanin 14.7 a irin awon gejin, don haka ainihin abin da ke ciki 46.7 ne. Zai tashi zuwa 53, gejin ya nuna 38 da ɗan kai. Da da Salshiyas aka yi lissafin, da an ce iskar ta ninka uku, abin da ba ya faruwa. Wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera taya ke cewa a auna iska tayar na sanyi, kuma kada a sace wa taya iska tana da zafi.

Lambar da ke jikin kwalin ƙwan lantarki kuwa launin haske take faɗa. Ƙarfe in an gasa shi yakan yi ja, ya koma ruwan ɗorawa, sannan fari. Ƙwan 2700K ko 3000K haskensa irin na abin da aka gasa zuwa wannan zafin ne, mai ɗan ja-ja, na 6500K kuma fari ne tas irin na tsakar rana. Ƙwan zamani da kansa ko kusa bai kai wannan zafin ba. A takardar farantin sola ma akan ga an rubuta cewa ƙarfinsa na raguwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane K ko kowane °C bisa 25°C. Tunda tazara ake nufi, rubutun biyu abu ɗaya suke faɗa. Farantin da rana ta gasa zuwa 65°C ya yi taku 40, ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Iyakar abin da lissafi ke iyawa

Juya lamba ba ya ƙara mata inganci. Lambar 37°C ta samo asali ne daga aikin wani likita Bajamushe na birnin Leipzig, Carl Wunderlich, wanda a 1868 ya wallafa sakamakon awon dubban majinyata. Matsakaici ne da aka daidaita. Da aka juya shi zuwa Faranhait ya fito 98.6, sai ɗigon ya sa mutane suka ɗauka wata tsayayyiyar iyaka ce. Binciken da aka yi a jami'ar Maryland ta Amurka a 1992 ya samu matsakaicin 36.8°C, ya kuma nuna zafin mutum mai lafiya na sauka da asuba ya hau da yamma. Don haka idan ma'auni cikakkun lambobi kawai yake nunawa, babu amfanin rubuta amsar juyawa da lambobi uku bayan ɗigo. Ɗaya ta isa a asibiti, a maganar yanayi kuma ko ita ba a bukata.

Na'urar da ake auna goshi da ita daga nesa tana da nata sharaɗi. Fatar goshi take karantawa, ba cikin jiki ba, kuma masu ƙera ta galibi sun ƙayyade cewa kada zafin wurin da ake aiki da ita ya wuce 40°C, iyakar da ranar Afrilu a Magama ke ƙetarewa. Matafiyin da ya sauko daga bayan a-kori-kura rana ta gasa masa goshi zai iya nuna zazzaɓin da ba shi da shi, wanda ya wanke fuska da ruwan sanyi kuma ya ɓoye wanda yake da shi. A zaunar da mutum a inuwa na 'yan mintoci, ita ma na'urar a ajiye ta a inuwa, duk awon da ya kai 38°C a sake tabbatar da shi da ma'aunin hammata, kuma a rajista a rubuta lambar tare da harafinta, C ko F.